Taswirar Murjani: Wanne Za A Ceta, Wanne Za A Bari?

 Kamar kullum, ga shirin a rubuce domin waɗanda data ta yi wa tsiya, da waɗanda dama sun fi son karatu a kan saurare.

Yau teku za mu shiga. Na san da yawanmu ba mu taɓa ganin teku ido da ido ba. Ni kaina sai da na girma na fara ganinsa a Legas, kuma ko ƙafa ban yarda na tsoma ba. To amma ku biyo ni a hankali, maganar ta fi kusa da mu fiye da yadda kuke zato.

Kakata tana da wani jan dutsen wuya da take ɓoyewa a ƙasan akwati, ba ta fito da shi sai ranar biki. Murjani take ce masa. Duk yarintata na ɗauka haƙo shi ake yi a ƙasa kamar kuza ko zinare. Ashe wata ƴar dabba ce take gina shi a cikin teku. Duk mai suna Murjanatu da ke jin mu, to yau asalin sunanki muke taɓawa.

Abin da nake so mu fahimta a yau shi ne yadda masana suke zana taswirar da ke nuna waɗanne duwatsun murjani ne suka fi kusa da mutuwa, waɗanne ne kuma za su iya jurewa. Da kuma abin da ake yi da taswirar bayan an zana ta, don a nan ne rigimar take.

Bari mu fara daga tushe.

Murjani dabba ce ƴar mitsitsiya, mai taushin jiki, da baki a tsakiya da ƴan hannuwa kewaye da shi. Tana tsotso sinadarin alli daga ruwan teku ta gina wa kanta ɗaki mai tauri. Dubbai suke zama manne da juna. Waɗannan su mutu, wasu su yi gini a kan ƙwarangwal ɗinsu, haka haka shekara ɗaruruwa da dubbai, har abin ya zama tudun dutse a ƙarƙashin ruwa. Shi ake kira dutsen murjani. Jan da ake dutsen wuya da shi ɗan uwansu ne, an fi samunsa a tekun Bahar Rum, amma shi ba ya gina irin waɗannan manyan tuddan. Masu ginin su ne na ruwa mai ɗumi, marar zurfi, mai haske.

Kakanninmu da suka tafi aikin hajji a ƙasa, suka ratsa Chadi da Sudan, sun san wannan dutsen ko da ba su san labarinsa ba. Tsohon garin Sawakin da ke bakin Bahar Maliya, inda mahajjata suke shiga jirgin ruwa, da dutsen murjani aka gina shi. Haka ma tsofaffin gidajen da ke tsakiyar Jidda. Mu a gaɓar tekunmu ta Afirka ta Yamma ba mu da manyan tuddan murjani. Dalili kuwa, manyan koguna irin su Neja da Kongo suna zuba ruwan daɗi da laka mai yawa a teku, sannan a wasu wuraren ruwan sanyi yana tasowa daga ƙasan teku. Murjani ba ya shiri da ko ɗaya cikin ukun nan.

Yanzu ga sirrin rayuwarsa. A cikin jikin wannan ƴar dabbar akwai wata gansakuka ƙanana ainun, ido ba ya ganinta. Ku ɗauke ta kamar ƴar haya. Murjani ya ba ta ɗaki da tsaro, ita kuma ta yi amfani da hasken rana ta dafa abinci, ta biya kuɗin haya da shi. Mafi yawan abincin da murjani yake ci daga wurinta yake fitowa, kuma yawancin launin da kuke gani a hotuna nata ne.

Idan ruwa ya yi zafi fiye da kima, ko da digiri 1 ne kacal a kan zafin da wurin ya saba gani a watansa mafi zafi, kuma abin ya ɗauki makonni, sai girkin ƴar hayar ya lalace, ta fara fitar da abin da ke cutar da maigidan. Sai ya kore ta. Da ta fita, launi ya tafi, sai ka hango farin ƙwarangwal ta cikin jikinsa. Wannan shi ne koɗewar murjani. Koɗaɗɗen murjani bai mutu ba tukuna, yunwa yake ji. Idan ruwa ya huce da wuri, ƴar haya ta dawo, ya farfaɗo. Idan zafin ya daɗe, shi ke nan.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu? Ga lissafin. Duwatsun murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi 25 cikin 100 na nau'o'in halittun teku suna rayuwa ne a jikinsu ko kewayensu. Nan kifi yake ƙyanƙyasa, nan yake ɓuya, nan yake kiwo. Wani bincike na shekarar 2014 ya nuna tudun murjani yana karya kusan kashi 97 cikin 100 na ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gaɓa. Wato katanga ce da ba wanda ya biya kuɗin gininta. Kuma mutane wajen miliyan 275 ne suke zaune dab da waɗannan duwatsun, da yawansu talakawan masunta ne a Indunusiya, Filifin, Tanzaniya, Kenya, Haiti da sauransu.

Sau huɗu ke nan ana samun koɗewar da ta game duniya: 1998, 2010, sai 2014 zuwa 2017, sai wadda hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, NOAA, ta tabbatar a watan Afrilun 2024. Ta 1998 kaɗai ta kashe kusan kashi 8 cikin 100 na murjanin duniya. Tsakanin 2009 da 2018 an sake rasa kashi 14. A wannan ta huɗun, zuwa farkon 2025, zafin da ke iya koɗar da murjani ya taɓa kusan kashi 84 cikin 100 na duwatsun duniya.

To kun ga matsalar. Ciwo ya game ko'ina, kuɗin magani kaɗan ne, masu aikin ma kaɗan ne. Ba za a iya sa masu gadi a kowane tudu ba. Dole a san inda za a fara. Abin da ya haifi taswirar ke nan.

Yadda ake haɗa ta, ku ɗauka kuna da fararen ledoji huɗu masu shara-shara. A kowace ka zana abu ɗaya, sannan ka ɗora su a kan juna ka ɗaga wa haske. Inda tabo ya haɗu da tabo, wurin ya yi duhu, nan ne haɗari ya taru. Kwamfuta ce take wannan ɗorawar yanzu, amma dabarar ke nan.

Leda ta farko: ina duwatsun suke?

Za ku yi mamaki, har kwanan nan ba a da cikakkiyar taswira guda ɗaya, mai tsari iri ɗaya, ta murjanin duniya. Kowace ƙasa da irin nata zanen, wasu tun na turawan jiragen ruwa. Sai a watan Satumbar 2021 aka kammala wadda ake kira Allen Coral Atlas. An sa mata sunan Paul Allen, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa Microsoft, shi ya zuba kuɗin fara aikin kafin rasuwarsa a 2018. Jami'ar Jihar Arizona a Amurka da Jami'ar Queensland a Ostireliya suna cikin waɗanda suka yi aikin, da hotunan ƙananan taurarin ɗan adam na kamfanin Planet. Hotunan suna da kaifin da kowane ɗigo a cikinsu bai wuce faɗin ƴan mitoci ba, kamar girman ɗaki. An koya wa kwamfuta ta bambance yashi da dutse da ciyawar teku da murjani ta hanyar launin da kowanne yake mayarwa. Masu nutso kuma suka riƙa shiga ruwa suna ɗauko hotuna domin a gwada ko kwamfutar ta faɗi daidai. Iyakarta dai, ruwa marar zurfi take gani, kamar mita 10 zuwa 15. Abin da ya wuce haka ya ɓace mata.

Leda ta biyu: zafi.

Wannan aikin wani sashe ne na NOAA mai suna Coral Reef Watch. Kullum taurarin ɗan adam suna auna zafin saman teku, an yanka tekun gida-gida, kowane gida kilomita 5 a tsaye, 5 a kwance. Abin da ya burge ni shi ne yadda suke lissafin. Kamar littafin bashi na mai shago ne.

Misali, a ce wani wuri watansa mafi zafi ruwan yakan tsaya a digiri 29. Idan ya hau 30 ya yi mako guda a haka, an rubuta masa bashi 1. Idan ya hau 31 ya yi mako guda, bashi 2. Wanda bai kai ƙarin digiri 1 ba, ba a rubutawa. Ana tara na makonni 12 da suka wuce. Idan bashi ya kai 4, a sa ran koɗewa. Idan ya kai 8, a sa ran koɗewa mai tsanani da mutuwa. Don haka mako 4 a digiri 31 daidai yake da mako 8 a digiri 30. Zafin da daɗewarsa duka ake dubawa.

Da can matakin gargaɗi biyu ne a sama, na ɗaya da na biyu, kuma 8 ɗin nan ita ce ƙololuwa. A 2023 zafin da aka gani a wurare irin su Florida da tekun Karibiyan ya wuce ma'aunin nesa ba kusa ba. A Florida har kwashe murjani aka riƙa yi daga teku ana kai shi tankuna a kan tudu don kada ya ƙone. Ƙarshen shekarar sai da NOAA ta ƙara matakai uku, na uku da na huɗu da na biyar, na biyar ɗin yana farawa daga bashi 20. Ku yi tunani, ma'aunin da kansa ne ya ƙare aka yi masa ƙari.

Leda ta uku: hannun mutane.

Zafi ba shi kaɗai yake kisa ba. A 2011 wata cibiyar bincike da ke Washington, World Resources Institute, ta fitar da taswirar barazanar da mutanen kusa suke yi wa murjani. Abu huɗu suka duba: gine-gine a bakin teku, laka da takin zamani da ƙazantar da koguna ke kwasowa daga tudu, ɓarnar jiragen ruwa da mai, sai kamun kifi fiye da kima ko ta mummunar hanya.

Ta yaya za ka auna wannan a duk duniya ba tare da ka je ko'ina ba? Da alamu. Nisan tudun daga birni, daga tashar jiragen ruwa, daga otal-otal. Yawan mutanen da ke kusa. Yadda aka sare dazuzzukan da ke saman kogin, da gangaren ƙasar, da yawan ruwan sama, domin su ne ke nuna yawan lakar da za ta gangaro. Laka tana rufe murjani ta tare masa haske. Taki kuma yana ciyar da manyan ciyayin teku su taso su danne shi.

Sakamakon ya nuna sama da kashi 60 cikin 100 na duwatsun duniya suna cikin barazana daga hannun mutanen kusa, kuma kamun kifi ne kan gaba. Da aka haɗa da zafi sai ya zama kashi 75. A Kudu maso Gabashin Asiya abin ya kusa kashi 95. A gaɓar Tanzaniya an daɗe ana fama da masu jefa nakiya a ruwa. Ƙara ɗaya, kifi ya taso matacce a kwashe, ginin shekara ɗari kuma ya zama tsakuwa.

Me ya haɗa kamun kifi da mutuwar murjani? Akwai kifaye masu cin ciyawa, kamar wani mai baki irin na aku. Su ne masu noman gonar. Jamaika ta ga abin da ke faruwa idan babu su. An kame kifayen, sai wata halitta mai ƙayoyi kamar bushiya ta ci gaba da cin ciyawar ita kaɗai. Guguwa ta daki wurin a 1980, sannan a 1983 cuta ta kashe kusan duk bushiyoyin. Ciyawa ta samu sake. Murjanin da ya rufe kusan rabin duwatsun a ƙarshen shekarun 1970 ya dawo ƙasa da kashi 5 cikin 100 a farkon shekarun 1990.

Leda ta huɗu ita ce ta fi wuyar zanawa: ƙarfin tashi bayan faɗuwa.

Mutum biyu za su kamu da zazzaɓi iri ɗaya, ɗaya ya miƙe bayan kwana uku, ɗaya ya kwanta wata guda. Haka murjani. Tsibiran Seychelles da ke Tekun Indiya sun rasa sama da kashi 90 cikin 100 na murjaninsu a 1998. Wani masani, Nicholas Graham, da abokan aikinsa suka bi diddigin tuddai 21, suka fitar da sakamako a 2015. Guda 12 sun farfaɗo, guda 9 ciyawa ta cinye su. Da suka duba bambancin, sai suka ga waɗanda suka tashi su ne masu ɗan zurfi, fiye da mita 6 da rabi, masu lunguna da ramuka da yawa inda kifi zai ɓuya, masu yawan ƴaƴan murjani da kifaye masu cin ciyawa, kuma ruwansu ba shi da taki da yawa. Amfanin wannan, abubuwa ne da za a iya aunawa tun kafin bala'i ya zo, a sa su a taswira.

To yanzu mu ɗora ledojin, mu ga abin da ya fito a nahiyarmu.

A 2008 wani masani ɗan Kenya, Joseph Maina, tare da Tim McClanahan da wasu, suka zana taswirar raunin murjani a yammacin Tekun Indiya, wato gaɓar Kenya, Tanzaniya, Mozambik, Madagaska da tsibiran wajen. Ba zafi kawai suka saka ba. Sun saka ƙarfin hasken rana, domin haske mai yawa yana ƙara wa zafi dafi. Sun saka iska, domin idan ta kwanta teku ya yi lumui, rana tana ratsa shi kai tsaye. Sun saka gudun ruwa, da yadda zafin wurin yake hawa da sauka a shekara, domin murjanin da ya saba da canji ya fi wanda bai taɓa ganin wahala ba juriya. Sannan suka gwada taswirar da ainihin abin da aka gani na koɗewa a wuraren.

Abin da suka gano ya tayar da hankali. Kusan rabin wuraren da gwamnatoci suka killace suka hana kamun kifi kwata-kwata suna cikin yankunan da zafi zai iya yi wa illa matsakaiciya ko babba. Wato an kafa shingen ne tun kafin a san inda wutar za ta bi. Shinge yana hana masunci shiga, amma ruwan zafi ba ya tambayar izini.

Daga baya, a 2020, McClanahan ya nuna wani yanki a kan iyakar Kenya da Tanzaniya, wajen mashigin Pemba, inda ruwa mai zurfi yake kusa da gaɓa yana sanyaya wurin, murjanin can kuma yana tsira lokacin da na maƙwabta yake koɗewa. Irin wannan wurin shi ake kira mafaka. A 2021 kuma David Obura, masanin murjani da ke Mombasa, ya jagoranci wani binciken da ya ce dukkan duwatsun yankin suna cikin haɗarin rushewa cikin shekara 50. A tsibirai zafi ne babbar barazana, a gaɓar nahiyar kuma kamun kifi. Wannan bambancin yana da amfani ƙwarai, domin ya nuna wa kowace ƙasa irin maganin da ya dace da ciwonta.

Yanzu mun zo inda na ce rigima take.

An ba ka taswira. Ga ja, wuraren da suka fi rauni. Ga kore, wuraren da za su iya jurewa. Kuɗinka ba zai isa duka ba. Ina za ka kai shi?

Zuciya za ta ce a kai wa ja, ai majinyaci shi ke buƙatar likita. Amma duk wanda ya tashi a gidan noma ya san wata ƙa'idar. Ko yunwa ta kai ina, ba a cin iri. Kuma ba kowane zangarniya ake ajiyewa iri ba, mafi ƙoshi ake zaɓa a rataye. Masana da yawa yanzu wannan tunanin suke bi. Murjani yana sakin ƙwai a ruwa, igiya ta kwashi ƴaƴan ta kai su wasu tuddan. Idan mafaka ta tsira, wata rana ita za ta sake shuka wuraren da suka mutu.

A 2018 wasu masana, cikinsu har da Ove Hoegh-Guldberg na Ostireliya, suka fitar da jerin yankuna 50 a duniya da suka ce a fi mayar da hankali a kansu. Sun duba wuraren da zafi da guguwa ba za su fi daka ba, kuma waɗanda igiya ke iya kai ƴaƴansu wasu wurare. Har dabarar masu zuba jari suka ara, ta kada ka zuba dukiyarka duka a harka ɗaya: suka warwatsa zaɓin a tekuna daban-daban, don idan hasashe ya kuskure a nan, can ya tsira.

A takarda abin ya yi ma'ana. Amma ka sa kanka a matsayin masuncin da tudun ƙauyensu bai shiga jerin ba. Ba shi ya ƙona man da ya ɗumama duniya ba. Yanzu kuma an zana taswira a wata jami'a mai nisa, an ce wurinsa ba ya cikin na gaba-gaba. Masu ba da tallafi kuwa taswira suke bi.

Shi ya sa rahoton nan na 2011 ya ƙara wata ledar ta mutane: wace ƙasa ce ta fi dogara da murjani wajen abinci da sana'a, wace ce kuma ba ta da ƙarfin canza hanya idan ya mutu. Ƙasashe tara suka fito a sahun gaba: Komoros, Fiji, Grenada, Haiti, Indunusiya, Kiribati, Filifin, Tanzaniya da Vanuatu. Idan ka ɗora wannan a kan taswirar mafaka, wani wurin su dace, wani wurin su saɓa. Inda suka saɓa, kwamfuta ba ta da amsa. Mutane ne za su zauna su yanke hukunci, kuma ni a ganina duk zaman da za a yi babu masuntan wurin a ciki, an tafka kuskure tun daga farko.

Sannan ita kanta taswirar tana kuskure, kada mu ɗauke ta kamar wahayi. Tauraron ɗan adam fatar teku kawai yake aunawa, bai san abin da ke faruwa a mita 20 ƙasa ba. Gida mai kilomita 5 kuma babba ne, a cikinsa za a iya samun lungu mai sanyi da lungu mai zafi.

Ga misali daga Ostireliya. Babban tudun murjaninsu, Great Barrier Reef, ya kai tsawon kilomita 2,300. A 2016 Terry Hughes da tawagarsa suka bi ta kansa a jirgin sama, suka duba tuddai 911, suka tarar kashi 93 cikin 100 sun taɓu da koɗewa. Arewa ta ƙone sosai. Kudu kuwa ta tsira, saboda ragowar wata guguwa mai suna Winston, wadda ta yi ɓarna a Fiji, ta biyo ta wurin da hadari da ruwan sama ta sanyaya tekun. Babu taswirar da za ta hango wannan tun shekara guda kafin ya faru.

Ga kuma Bahar Maliya. Murjanin da ke can arewa, a mashigin Aƙaba, an gwada shi an ga yana jure zafin da ya wuce wanda ya saba da digiri da yawa. Bayanin da masana suka fi karkata a kai shi ne, bayan zamanin ƙanƙara na ƙarshe, kakanninsa sun shigo ne ta kudu, ta mashigin Babul Mandab mai ruwan zafi, don haka masu juriya ne kaɗai suka wuce. Littafin bashin zafi bai san wannan tarihin ba. Sai da mutane suka shiga ruwa, suka ɗebo, suka gwada. Kullum sai an haɗa idon sama da idon mai nutso.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne mai ɗaci. Taswira tana sayen lokaci ne kawai. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya faɗa a rahotonsa na 2018 cewa idan ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5, za a rasa kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na murjani. Idan ta kai digiri 2, sama da kashi 99. Hana nakiya, tsabtace koguna, barin kifaye masu cin ciyawa, duk suna ƙara wa murjani ƙarfin tashi. Amma idan zafi yana dawowa duk bayan shekara biyu, alhali murjani mafi saurin girma yana buƙatar shekara 10 zuwa 15 kafin ya murmure, ko mafakar ma wata rana za ta cika da wuta.

Kuma zafin nan ba baƙonmu ba ne. Ku tuna azumin 2024, yadda garuruwanmu suka koma kamar tanda. A farkon Afrilun shekarar an auna digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali. A cikin watan nan dai aka sanar da koɗewar murjani ta huɗu. Zafi ɗaya ne, mu ya same mu a tudu, su ya same su a ruwa.

Kafin mu rabu, ga ɗan aikin gida. Allen Coral Atlas kyauta ce a intanet. Idan kun samu data, ku buɗe, ku nufi Bahar Maliya, ku nemo Port Sudan. Kamar kilomita 25 daga gaɓa za ku ga wani zoben murjani shi kaɗai a tsakiyar ruwa, sunansa Sanganeb. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2016, tare da mashigin Dungonab. Ku matso da hoton ku kalle shi da kyau. Ta wannan ruwan kakanninmu suka ratsa zuwa Jidda.

Ɗalibanmu masu karanta labarin ƙasa ko kimiyyar kwamfuta kuma, ku lura: wannan dabarar ta ɗora leda a kan leda ita ce dai ake amfani da ita wajen gano unguwannin da ambaliya za ta fi ci, ko inda hamada ke matsowa. Wanda ya iya ta a kan teku ya iya ta a kan Hadejia.

Tambayar da zan bar muku: da ku ne da kuɗin, ja za ku kai wa ko kore? Majinyaci ko iri? Ku faɗa min dalilinku, zan karanto wasu amsoshin a shiri na gaba. Ni dai na fi karkata ga iri, amma duk lokacin da na tuna masuncin can sai in ji bakina ya yi nauyi.